Yadda ake shan bikarbonat idan ƙwannafi ya taso, da lokacin da ba a taɓa shi

Salamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, daren sallar layya da ta wuce ne. Maigidana ya ci soyayyen nama da la'asar, ya fita fada ya bi shi da shayi har zagaye uku, ya dawo wajen ƙarfe 11 ya kwanta, can tsakar dare na farka na gan shi zaune bakin gado yana shafa ƙirji yana yamutsa fuska, ya ce wani ruwa mai tsami ne ke taso masa har maƙogwaro kamar an zuba masa barkono. Farmasi ta yi nisa, dare ya raba. Ni kuma sana'ata kek da cincin, bikarbonat ba ya yanke mini a gida, sai na auna masa rabin ƙaramin cokali a rabin kofin ruwa na dama ya shanye a hankali, ba a yi minti 10 ba ya yi gyatsa biyu masu ƙarfi ya ce alhamdulillahi wutar ta mutu.

Da safe da na ba sauran mata labari wajen rabon nama, a nan hankalina ya tashi. Kowa ta san maganin amma kowa da awonta, wata ta ce ita babban cokali take cikawa, wata ta ce a tafin hannu take zubawa ta watsa baki ta kora da ruwa, wata yarinya kuma amarya ta tambaye ni wai Anti ba shi ne sodar da muke haɗa sabulu da ita ba? Wallahi sai da gabana ya faɗi. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yi dalla-dalla, kamar yadda ƙanwata mai aikin jinya ta koya mini kuma kamar yadda yake rubuce jikin kwalayen masu yin sa.

Mu fara da sanin abin da ke hannunka, don nan ne babban haɗarin yake

Wanda ake sha fari ne fat, gari mai laushi, ba ya wari, ɗanɗanonsa gishiri-gishiri da ɗan bauri. In daga farmasi ko butik ka saya za ka ga an rubuta bicarbonate de soude ko bicarbonate de sodium, wani lokaci da kalmar alimentaire a gaba, ma'ana na ci ne. Wanda ke shigowa daga Najeriya ta Matamaye da Magarya kuma baking soda ake rubutawa. Duk abu ɗaya ne.

Akwai abu uku da ke kama da shi waɗanda ba shi ba ne. Na farko bekin fauda, wadda a nan aka fi sani da levure chimique ta cikin 'yan ƙananan ledoji, ita akwai bikarbonat a ciki amma an riga an gauraya shi da wani abu mai tsami da kuma sitaci, don tashin kek aka yi ta, ba ta ciwon ciki ba ce. Na biyu cristaux de soude na wanki da goge-goge, wannan ya fi ƙarfin ciki. Na uku shi ne wanda nake roƙonku da girman Allah ku kiyaye, soude caustique, wadda mata masu sabulu ke ce wa soda kawai. Tana zuwa falle-falle ko 'yan ƙwayoyi kamar sukari mai gwaɓi, in ka zuba ta a ruwa ruwan zafi yake ɗauka da kansa, in ta taɓa fata tana ci. Wanda ya haɗiye ta tana ƙona baki da maƙogwaro har ciki, wasu sai hanyar abincin ta tsuke su kasa haɗiyar ko kunu. In tsautsayi ya sa wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi manja ko lemun tsami, a ɗauke shi sai likita nan take.

Saboda haka ni shawarata, wanda za ka sha ka saye shi a rufe da rubutunsa. Wanda ake ƙullawa a farar leda a kasuwar Dole ba rubutu ba komai, ko da mai kayan mutumin kirki ne, fari da fari suna ruɗa ido. In kana son ka gane ko naka bai mutu ba, ɗiba kaɗan a faranti ka matsa lemun tsami a kai, zai yi kumfa yana shuuu. Amma wannan gwajin ba ya isa ya tabbatar maka abin da ba ka san asalinsa ba, kuma kada ka taɓa gwada farin gari da harshe.

Sai ka tambayi kanka, ni ina cikin waɗanda aka hana?

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi komai. Bikarbonat sodiyom ne, irin sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke tada tansiyo, wato hawan jini. Rabin ƙaramin cokali ɗaya tal yana ɗauke da sodiyom sama da miligiram 600, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya kai giram 2 na sodiyom a wuni, wato kwatankwacin gishiri giram 5. Ka ga kenan in ka sha sau 3 ka kusa cinye rabonka na ranar gaba ɗaya, ba a lissafa gishirin miya da magi da na kilishi ba.

To mai hawan jini ya bar shi. Mai ciwon zuciya, mai ciwon ƙoda, mai ciwon hanta, wanda ƙafafunsa ke kumbura, duk wanda likita ya ce masa ya rage gishiri, ba nasu ba ne. Masu juna biyu, na san ƙwannafi na cin ku musamman in ciki ya tsufa, na yi huɗu na san yadda yake hana barci, amma ku yi haƙuri ku faɗa wa ungozoma ranar awo, akwai maganin da ya dace da ku, bikarbonat yana tara ruwa a jiki kuma hawan jini a mai ciki ba abin wasa ba ne. Yara kuma kada a ba su sai likita ya ce, balle jarirai, in jariri na kukan ciki kada wanda ya ce a ɗan lasa masa.

In kana shan wani magani kullum, ka bar tazarar aƙalla awa 2 tsakaninsu, domin in ya kashe tsamin ciki wasu magungunan ba sa shiga jiki yadda ya kamata, kamar ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da wasu antibiyotik irin su doksisiklin. Ka tambayi mai farmasi, ba ya ƙi amsa maka ba. Sannan ƙwayoyin nan da ake jefawa a ruwa su yi kumfa, irin Efferalgan mai narkewa, su ma akwai bikarbonat cikinsu, in ka sha su ranar ka sa a lissafi.

Yadda ake haɗawa

Nemi ƙaramin cokali, na shayi, ba na cin shinkafa ba. Cikakken cokalin shayi mililita 5 ne, kai rabinsa kake so. Da yake cokulan gidajenmu kowane da girmansa, ni abin da nake yi shi ne na ajiye 'yar robar awon da ke zuwa da siron yara, wadda aka ja layi a 2.5, na wanke ta na shanya na jefa cikin gwangwanin, in zan auna sai in zuba daidai layin in ɗan bubbuga ya kwanta. In da cokali ne, ka ɗebo ka shafe saman da bayan wuƙa ya zama daidai baki ba tozo, sannan ka raba biyu ka mayar da rabi.

Ruwa rabin kofi, wajen mililita 120, in ledar piya wata mai rabin lita ce kashi ɗaya cikin huɗu kenan, in ya ɗan fi haka ba laifi. Ruwan randa ya isa, ba sai na firiji ba, ba kuma tafasasshe ba. Zuba garin ka dama, ka yi ta damawa har ruwan ya washe, ka ɗaga kofin ka duba gindinsa, in ka ga fari kwance a ƙasa ba ka gama ba. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce, garin da bai narke ba in ya sauka ciki a dunƙule yake aiki lokaci guda. Shi ya sa watsa shi a baki busasshe kuskure ne babba.

Kada ka matsa lemun tsami a ciki. Na ga ana yaɗa wannan a WhatsApp, wai ya fi aiki in ya yi kumfa. Kumfar da kake gani a kofi ai aikin ne ya riga ya yi a waje, tsamin lemun ya cinye wani kaso na ƙarfinsa kafin ya isa inda ake buƙatarsa. Kada kuma ka dama shi cikin madara ko nono ko fura, yawan haɗa bikarbonat da madara na iya tara sinadarin kalsiyom a jini ya taɓa ƙoda, likitoci sun daɗe da sanin wannan. Lemun kwalba mai gas shi ma a'a, iska kan iska ne.

Yanzu lokacin sha, a nan zan ɗan daɗe don mutane ba su san shi ba. Ba a shan bikarbonat ciki na cike tam. Abin da ke faruwa shi ne cikinmu yana fitar da wani ruwa mai tsami sosai, asid, wanda ke narkar da abinci, in ya tsallako sama zuwa hanyar abinci shi ne ƙwannafi. Bikarbonat in ya haɗu da asid ɗin nan sai su kashe juna su koma gishiri da ruwa da iska, irin iskar da ke cikin lemun kwalba, ita ce gyatsar da ke fitowa. To ka ɗauka mutum ya buɗa baki da ƙanƙara da kunu da ƙosai, ya zo ya ɗora tuwo ya kora da fura har numfashi na masa wuya, sannan ya zuba abin da zai cika masa ciki da iska nan take, ina iskar za ta je? An samu mutanen da tumbinsu ya yage ta wannan hanyar, ba kasafai yake faruwa ba amma ya faru, har masu yin sa suna rubuta gargaɗin jikin kwali. Ka jira awa 1 zuwa 2 bayan cin abinci, abincin ya ɗan sauka. Na maigidana ma da na ba shi, an yi awoyi da cin naman.

Ka sha a zaune, kurɓi-kurɓi, kada ka kafa kai ka shanye lokaci guda. Bayan ka sha ka zauna a miƙe ko ka ɗan zagaya tsakar gida, ka sassauta tazuge ko ɗaurin zane, gyatsa za ta zo ka bar ta ta fito. Kada ka koma ka kwanta nan da nan.

In bai lafa ba fa? Jira awa 2 cur kafin ka sake wani rabin cokalin. Abin da masu yin sa suka rubuta shi ne kada a wuce rabin cokali sau 6 cikin awa 24, wanda ya haura shekara 60 kuma kada ya wuce sau 3, kuma kada a yi ta sha haka fiye da mako 2. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba wai an ce ka kai can ba. Ni a gidana in an sha sau 2 bai yi ba an gama da bikarbonat, da safe sai likita. In bayan ka sha ka ji amai, ko tsoka na murɗewa, ko jiki ya mutu, ko kai ya ɗaure kana ruɗewa, ko ƙishirwa mai tsanani, alamar ya yi yawa ne, ka daina ka nemi likita. Masu azumi ku lura da sahur, gishirin da ke cikinsa zai sa ku wuni da ƙishi, a zafin Damagaram kuwa kun san abin da nake nufi.

To kanwa fa?

Na san wani zai ce mu da muka gaji jiƙon kanwa me za mu yi da na kwali. Gaskiya ne 'yan uwan juna ne, kanwar da ake kawo mana daga ƙasar Manga, wajajen Gure da Maine Sorowa, akwai bikarbonat a cikinta, shi ya sa take kwantar da ƙwannafi kuma take sa wake ya nuna da wuri, ɗanwake ya yi danƙo, kuɓewa ta yi yauƙi. Sai dai ita kanwa haɗe take da wani sinadarin da ya fi bikarbonat kaifi, ga gishiri ga ƙasa, kuma wannan dunƙulen ƙarfinsa daban da wancan, ja daban fara daban ungurnu daban, ba yadda za ka auna ka san nawa ka sha. A girki ɗan kaɗan ake sawa tukunya guda ta gida duka. Jiƙa ta a kofi ana sha kullum wani abu ne daban. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciyar gadon wuta. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suke yi, amma gishirin da ke ciki yana da nauyi ga zuciyar da ta gama ɗaukar ciki.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekaru ya yi da kofinsa na jiƙon kanwa a gefen tabarma, daga baya ya koma bikarbonat don ya ce ya fi tsabta. Kullum bayan isha'i sai ya sha. Ranar da na je gaishe shi na ga takalminsa ya ƙi shiga, na durƙusa na danna yatsa a ƙaurinsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na ce Kawu don Allah gobe mu je a auna ka, ya ce ke 'yar nan ciki ne kawai, na ce na ji amma a yi mini wannan alfarmar. Da aka auna tansiyonsa ya hau sosai, aka kuma gano gyambon ciki ne ke damunsa duk shekarun nan, bikarbonat yana rufe masa zafin na ɗan lokaci ciwon na nan yana ci. Ga shi kuma yana shan ƙwayoyin ciwon gwiwa na 'yan tebur, irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda su kansu suna cin bangon ciki, musamman in an sha ba a ci komai ba.

Abin da ya sa na kawo labarinsa, bikarbonat asid ɗin da ke nan a lokacin kawai yake kashewa, ba ya hana ciki fitar da wani, shi ya sa sauƙinsa ke zuwa da sauri ya kuma tafi da sauri. Gyambon ciki kuwa yawancinsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, Helicobacter pylori, wadda wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980 har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwajinta, kuma ana kashe ta da antibiyotik haɗe da maganin rage asid irin omeprazol, na kwana 10 zuwa 14. Kawu ya sha nasa, yanzu kofin nan ba ya gefen tabarma.

Akwai kuma lokacin da ko kallon gwangwanin ba za ka yi ba, mota ko kabu-kabu za ka nema. In zafin ƙirjin kamar an ɗora maka dutse ne, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa ga numfashi sama-sama, wannan zuciya ce mai yiwuwa, kuma mutane da yawa sun ɗauke ta ƙwannafi sun zauna gida. In akwai aman jini, ko amai mai kama da garin kofi, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, jini ne ke zuba a ciki. In ciwon cikin mai tsanani ne ciki ya ƙame kamar katako, ko yana ƙasan cibiya ta dama da zazzaɓi da amai. In abinci na tsaya maka a ƙirji, ko kana ramewa ba dalili, ko ƙwannafin ya zama na kusan kullum. Duk waɗannan a tafi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa ko babban asibitin Zinder, kuma in ka je ka faɗi gaskiya cewa kana shan bikarbonat ko kanwa, sau nawa kuma tun yaushe, yana taimaka musu.

Maigidana dai tun daga daren nan muka ɗan canza tsari, tuwon dare kafin isha'i, ya bar awa 2 zuwa 3 kafin ya kwanta, shayin dare zagaye ɗaya kuma ba na'a-na'a, goro ya rage, na sa bulo biyu ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai ya ɗan ɗago, in ya ji alama kuma ya kwanta ta gefen hagu. Daga layya zuwa yau sau ɗaya ya sake neman in dama masa.

Ajiyarsa kuma, gwangwani ko kwalba mai murfi, wuri busasshe, don in damina ta shigo yana jan danshi ya dunƙule. Ki rubuta sunansa a jiki da babban baƙi, ki ɗora can sama inda yara ba sa kai, kuma in kina haɗa sabulu a gida to sodarki ta zauna wani ɗaki daban a kulle, kada ki taɓa zuba ta a robar ruwa ko kwanon da ake ci da shi.